Auna Iskar Marfin Maƙogwaro a Lokacin Tiyata

Mutumin da aka ɗauko daga Kakau, a kan hanyar Abuja, aka kai shi asibiti cikin Kaduna domin a yi masa aikin gwaiwa, wuƙar likita ita ce abin zulluminsa. Amma sau da yawa in ya farfaɗo, ba wurin ɗinkin yake kuka da shi ba, sai maƙogwaro: murya ta dushe, haɗiyar yawu ta zama aiki. Akan tarar sanadin wannan 'yar iska ce da ba a auna ba.

Idan maganin barci ya kama mutum, naman maƙoshinsa yakan saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar numfashi. Domin maganin haka ne wani likitan sa barci na Ingila, Dokta Archie Brain, ya ƙago marfin maƙogwaro a London cikin 1981. Bututu ne mai ɗauke da wani zobe kamar gammo a ƙarshensa. Akan zura shi ta baki har ya zauna a kan ƙofar maƙogwaro, sa'an nan a hura wa zoben iska da sirinji, ya kumbura ya rufe gefe da gefe, yadda numfashi ba zai zurare ba.

To, a nan gizo ke saƙa. Mai aiki yakan zaci yawan iska shi ne kyawun rufewa, alhali kuwa ba haka ba ne. Zoben da aka cika ya yi tauri ba ya bin surar maƙoshi, har yakan goce daga mazauninsa. Bugu da ƙari, fatar cikin maƙoshi tana rayuwa ne da jinin da ke bin ƙananan hanyoyi masu laushi, in an danne su sai jini ya kasa wucewa. Daga nan ciwon ke tasowa. Wani lokaci ma matsin yakan taɓa jijiyoyin harshe ko na murya, mutum ya yi makonni harshensa a mace.

Saboda haka aka sa iyaka: kada ƙarfin iskar zoben ya wuce 60 a ma'aunin santimita na ruwa, watau nauyin ruwan da ya kai tsayin santimita 60. Adadin da masu ƙera marfin na asali suka rubuta, mililita 20 ga lamba 3, 30 ga lamba 4, 40 ga lamba 5, shi ne maƙura, ba abin da lalle sai an hura ba. Sau da yawa abin da bai kai haka ba ya wadatar.

Mai faci a bakin titi ba ya dogara da latsa taya da yatsa, sai ya sa geji. Haka nan a ɗakin tiyata, yatsa yana yaudara, ƙaramin ma'aunin iska ne kaɗai ke faɗin gaskiya. Wani bincike da aka yi a Toronto ta Kanada, aka buga cikin 2010, ya nuna cewa inda aka auna aka rage iskar, kimanin mutum 13 cikin ɗari ne suka yi kukan maƙogwaro, inda ba a rage ba kuwa sun kai wajen 45 cikin ɗari.

Awo ɗaya kuma ba ya isa. Iskar sa barci da ake kira naitiros oksayid tana ratsa jikin zoben ta shige ciki, ƙarfin ya yi ta hauhawa ana tsakiyar aiki. Wajibi ne a auna da zarar an sa marfin, a kuma maimaita in aikin ya yi tsawo. In numfashi yana zurarewa alhali ma'auni ya kai 60, to, a gyara zaman marfin ko a sake lamba, kada a ƙara iska.

Ɗalibin da ke koyon wannan aiki ya kamata ya saba da ma'aunin tun daga ranar farko. Ma'aikacin da ke tsara sayen kayan asibiti kuwa, in ya rubuta marfin maƙogwaro a takardar oda, lalle ya rubuta ma'auninsa a layin da ke biye.