Janareta a Tsakiyar Teku: Abin da Bidiyo Ba Ya Nuna Maka

Ka taɓa ganin masu tsallaka Tekun Atilantika a jirgin ruwa mai tafiya da iska a YouTube, ka ce "kai, waɗannan sun huta"? To, iska na tura jirgi, amma firji, fitilu, waya da na'urar tace ruwan gishiri duk batir suke ci. Daga Las Palmas zuwa Saint Lucia tafiyar kusan mako uku ce, shi ya sa wasu ke girka janareta mai shan dizal.

Ba irin namu na tsakar gida ba ne fa. Ruwan teku ke sanyaya shi, sannan ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Idan injin na ƙasa da saman ruwa, dole a ɗaga bututun a sa bawul, in ba haka ba ruwa ya kwararo ya cika injin.

Babban haɗarin shi ne iskar kabon monoksaid: ba launi, ba wari, tana kashe mutum yana barci. Don haka suke maƙala na'urar gargaɗi a ɗakin kwana.

Iskar nan ita ce ke fita daga janaretan gidanku. Daren yau, a fitar da shi waje, nesa da taga.