Yaron Da Ya Yi Talla A Titunan Atina

An haifi Giannis Antetokounmpo, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, a birnin Atina na ƙasar Girka a 1994. Iyayensa, Charles da Veronica, 'yan Nijeriya ne da suka baro Legas a 1991 domin neman abinci. Tun yana ƙarami shi da wansa Thanasis suke tallar agogo da tabarau a bakin titi, takalmin wasa guda kuwa suke sawa bi da bi.

Da ƙungiyar Milwaukee Bucks ta Amurka ta ɗauke shi a 2013, babu abin da ya sa gaba kamar aika kuɗi gida. Wata rana ya aika duk abin da ke aljihunsa, ya rasa kuɗin mota, ya kama gudu cikin sanyi zuwa filin wasa, har wasu bayin Allah suka rage masa hanya.

A ganinmu, tuna wahalar iyayensa ne ya hana shi kasala wajen atisaye. Sai dai mahaifin ya rasu a 2017, bai ga an zaɓi ɗansa gwarzon shekara a 2019 da 2020 ba, balle ranar da ya ci maki 50 a wasan ƙarshe na 2021, Bucks ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1971.