Jiran Sabis Mai Sauri: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

A 'yan shekarun nan akwai wata ƙara da ta yawaita a zaurukan hakimai, wadda ba ta gona ba ce, ba ta gado ba, ba kuma ta kan iyaka ba. Ƙarar sabis ce. Mai sayar da hatsi ya kan zo ya ce an tura masa kuɗi tun da hantsi ran kasuwa, amma saƙon bai shigo ba sai bayan Magariba, ya riƙe buhunan mutum yini guda har suka yi rigima. Tun da aka yi ƙarancin takardun naira a watannin farko na shekarar 2023, ciniki mai yawa ya koma ta waya, abin da a da ake ɗauka na samari ne ya zama maganar abinci. Saboda haka aka shirya wannan 'yar takarda, domin hakimi ya sami abin da zai amsa in talakawa suka tambaye shi yaushe ne za a gyara musu.

Wayar hannu ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta 2001, bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yi gwanjon lasisi a watan Janairu na shekarar, kowane ɗaya dala miliyan 285. Wannan ita ce wadda a ke kira 2G, aikinta magana da gajeren saƙo. A 2007 aka ba da lasisin 3G. A 2016 manyan kamfanoni suka soma 4G. A watan Disamba 2021 aka yi gwanjon 5G, MTN da Mafab suka ci, MTN ta buɗe tata a 2022 a birane bakwai, Kano da Maiduguri da Abuja na cikinsu. Kowane mataki daga birni ya ke farawa. Wannan ba baƙon abu ba ne: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bai iso Ƙaura Namoda ba sai 1929, Nguru 1930, Maiduguri kuwa sai 1964.

Malamin hakimi na iya sanin matsayin garinsa ba tare da tambayar kowa ba. In ya kunna data ya duba saman wayarsa, zai ga harafi. In E ne, to 2G ce, hoto ɗaya ma sai an yi haƙuri. In H ne ko H+, 3G ce. In ya ga 4G ko LTE, garin ya sami rabonsa, sai dai a bincika abin da ya hana shi sauri.

Abin da ke bayan ƙarfe

Mutane da yawa sun ɗauka da an kafa ƙarfen sabis magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Ƙarfe kamar bakin famfo ya ke, in bututun da ke kawo masa ruwa siriri ne, ko an ƙera bakin da azurfa ɗigo zai yi ta yi. Bututun nan shi ne wayar gilashi, wadda ma'aikata ke kira faiba, zare ne na gilashi mai kaurin gashi da ke ɗauke da saƙo ta hanyar haske, a ke binne shi a gefen hanya. Yawancin abin da a ke karantawa ko kallo a intanet daga ƙetare ya ke zuwa, ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano ta 2022, waɗanda suka fito tudu a Ikko. Daga can sai an ja waya wajen kilomita 1,000 kafin Kano, sa'an nan a yi mata rassa. Ran 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin wayoyin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kasa tura kuɗi a Arewa.

Garin da wayar gilashi ba ta kai ba, ƙarfensa daga wani ƙarfe ya ke karɓar saƙo ta iska, da wani abu mai kama da ganga da a ke ɗaurawa a jikinsa. Wancan ma wataƙila daga wani ya karɓo. Garin da ke ƙarshen jerin shi ke samun ragowa. Kuma abin da ƙarfe ya samu raba shi ya ke yi tsakanin dukan waɗanda ke amfani da shi a lokacin, kamar rijiya ɗaya da guga ɗari. Shi ya sa waya kan yi gudu da Asuba, ta yi nauyi bayan Isha, ta tsaya cik ran kasuwa.

To, me ya hana a ja wayar? Kuɗin haƙa, da kuma kuɗin izinin bin hanya da gwamnatocin jihohi ke karɓa a kan kowace mita. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta yarda a kan naira 145, amma waɗansu jihohi suka ci gaba da karɓar dubbai. Ekiti naira 4,500 ta ke karɓa kafin ta sauko 145 a 2020, shekarar da Kaduna ta yafe kuɗin ɗungum. Malami ya lissafa da kansa: garin da ke nesan kilomita 50, a farashin 145 izininsa naira 7,250,000 ne, a farashin 4,500 kuwa miliyan 225, tun ba a sa diga a ƙasa ba. Kamfani ɗan kasuwa ne, in lissafi ya ƙi, sai ya juya wani wuri.

Sai maganar wuta. Ƙarfe ba ya barci, dare da rana ya ke ci, yawancinsu kuwa da janareto da batura da farantan hasken rana su ke aiki. In motar mai ta makara saboda damina ta cinye hanya, ko ɓarayi sun kwashe batura, gari ya yi shiru. Tsadar mai da faɗuwar naira na cikin dalilan da suka sa NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025.

Akwai kuma dalilin da ke cikin aljihun mutanen gari, wanda ba kasafai a ke son jinsa ba. Kamfani na ganin irin wayoyin da ke hawa kowane ƙarfe nasa. In ya ga galibinsu ƙanana ne masu madannai, ba zai yi gaggawar ɗora na'urar 4G ba, don ba mai sayen datar. Wani ma wayarsa na iya 4G, layinsa ne tsoho, sai ya kai an musanya masa, lambarsa ba za ta sāke ba.

Game da 5G, kada hakimi ya bari a ɗauke masa hankali da ita. Zangon da aka sayar mata, watau megahaz 3,500, yana da faɗi amma ba ya nisa, bango da itatuwa na tare shi. Wanda ke ratsa daji ya kai ƙauye shi ne na ƙasa, irin 800 da 900. Garin da ya sami 4G mai ƙwari, da wayar gilashi a bayanta, ya sami abin da kasuwa da makaranta da asibiti ke bukata.

Gwamnati ba ta bar abin ga kamfanoni kaɗai ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin tallafa wa wuraren da ba riba. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi nufin intanet mai sauri ta kai kashi 70 cikin 100, wa'adin ya cika ana wajen rabi. A 2024 aka amince da shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi. Inda tsaro ya taɓarɓare kuwa aiki baya ya ke komawa, kamar yadda aka rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, da Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna a 2021.

Rabon hakimi a cikin aikin

In kamfani ya nemi fili, a tabbata an san mai shi tun farko, an kuma rubuta yarjejeniya a gaban dagaci, domin rigimar magada ta kan tsai da ƙarfe wata da watanni. Kada a yarda matasa su tare ma'aikata ko motar mai su ce sai an ba su na goro, labari irin wannan ya kan riga takardar roƙo isa ofishin kamfani. In ɗan kwangila ya zo gyaran hanya ko haƙa lambatu, mai unguwa ya nuna masa turakun da aka kafa alamar waya kafin katafila ta fara aiki. A kuma sanar a masallatai da kasuwa cewa wayar gilashi ba tagulla a cikinta, wanda ya tone ta ba abin da zai sayar. Tun 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, ɓarnata su babban laifi ne.

Abu ɗaya da ya kamata hakimi ya kiyaye shi ne yanke wa jama'a rana. Sau da yawa a kan ce bayan salla, salla ta wuce, sai laifin ya koma kan wanda ya faɗa. In ba a takarda aka ba shi ranar ba, ya ce ba a sa rana ba tukuna.

Malamin hakimi kuwa ya buɗe littafi. Ya riƙa rubuta ranar da sabis ya ɗauke da sa'ar da ya dawo, da sunan kamfanin, da harafin da waya ke nunawa a kasuwa da asibiti da makarantar sakandare, da yawan masu POS a garin. A fara kai kuka ga kamfanin, a karɓi lambar ƙarar a rubuta. In ba a ga gyara ba, a kira NCC a lamba 622, kiran kyauta ne. Bayan wata uku a kwafe abin da ke littafin, hakimi ya sa hannu, a aika ta hannun Shugaban Ƙaramar Hukuma, kwafi ɗaya kuma zuwa Majalisar Sarki.