Kada A Yi Tsimi Da Hankalin Tsofaffinmu

Duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi sanyi, rabon wanda ba zai iya ɗaga murya ba ake fara zaftarewa. Malamai na da ƙungiya, likitoci na da yajin aiki, ɗalibai kuma sun san hanyar titi. Amma tsohuwar da ta manta sunan autanta ba ta rubuta takardar koke, dattijon da damuwa ta hana shi fita ƙofar gida ba ya zanga-zanga. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin a ganina rage kula da lafiyar ƙwaƙwalwar tsofaffi a asibitocin kusa da gida zalunci ne, kuma asara ce ko da lissafin kuɗi kawai za a yi.

A ƙasar nan ba kasafai ake shelar irin wannan yanka ba. A hankali yake zuwa: a rubuta kuɗi a kasafi amma ba a sake su ba, jami'in jinya ya yi ritaya ko ya tafi ƙasar waje a bar gurbinsa, maganin da ake bayarwa ya ƙare a ce wa iyali su je kyamis. Wata rana sai a wayi gari ɗakin da ake duba irin waɗannan marasa lafiya yana kulle, babu kuma wanda zai ce shi ya rufe.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma masu cutar mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A gida kuwa, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na tsofaffin da aka bincika ya taɓa fama da matsanancin ciwon damuwa a rayuwarsa. Duk da haka, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200.

Masu goyon bayan tsimi kan ce ai ga manyan asibitoci nan: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, ga kuma na Maiduguri. Gaskiya ne, kuma ma'aikatansu na iya ƙoƙarinsu. Sai dai a tambayi mai ɗawainiya da tsoho abin da tafiyar kilomita 200 take nufi. Kuɗin mota ne na mutum biyu ko uku, da asarar aikin yini, da ɗaukar wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, wanda kuma baƙon wuri ke ƙara ruɗa shi. Wannan jinya ba ta zuwa ɗaya ba ce, ta wata da watanni ce. Iyali za su yi zuwa na farko, su daure su yi na biyu, a na uku sai su haƙura su ce gigin tsufa ne.

Wannan kalma ta gigin tsufa ta binne cututtuka da dama masu magani. Tsohon da ya ruɗe cikin kwana biyu, mai yiwuwa zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara ko sukari ya faɗi masa. Wadda ta daina ci da magana bayan rasuwar mijinta, wataƙila ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Ita kanta cutar mantuwa, ko da yake ba a warkar da ita, kula da hawan jini da koya wa iyali dabarun zama da mai ita na rage wahala ƙwarai. Jami'in lafiya mai horo a asibitin unguwa zai iya gane waɗannan. In babu shi, abin da ke biyo baya mun san shi: a kulle tsoho a ɗaki, ko a ɗaure shi, ko a jefi tsohuwa da ƙazafin maita saboda ta fita da dare tana sambatu.

Wasu kuma kan ce al'adarmu ta wadatar, ɗa shi ke riƙe iyayensa. Ban musa ba, kuma ina alfahari da hakan. Amma wa ke riƙon a zahiri? Yawanci 'ya mace ce ko suruka, wadda ke barin sana'arta, wani lokaci har a cire jika daga makaranta don ta zauna gadi. Kuɗin da gwamnati ta ce ta tsimine bai ɓace ba, kan waɗannan mata aka juye shi. Sa'annan idan tsohon ya faɗi ya karye, gadon babban asibiti zai ci ninkin abin da aka ƙi kashewa tun farko. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin takaici, dabarar tamu ce. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, har duniya ta yi koyi da shi. A 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi asusu na musamman. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta lissafa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Takardu dai sun cika, aiki ne ya yi ƙaranci.

Don haka buƙatata uku ce. Gwamnoni su ware wa wannan fanni layinsa a kasafi, su kuma bayyana abin da aka saki duk wata uku. Shugabannin ƙananan hukumomi 774, waɗanda Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da 'yancin kuɗinsu a Yulin 2024, su horar da aƙalla jami'i ɗaya a kowace mazaɓa, su kuma ajiye magunguna. Mu kuma masu karatu, musamman ɗalibai, mu je asibitin unguwarmu mu tambaya: wace rana ake duba tsofaffi masu wannan larura, kuma wa ke duba su? In aka ce babu, mu kai maganar gaban kansila da ɗan majalisa a rubuce.

Duk wanda Allah Ya yi wa tsawon rai, layin nan zai shiga, har da mai sa hannu a kasafin bana. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.