"Ai Karenmu Ne, Ya San Mu"

Duk wanda ya bi hanyar Dambatta zuwa Makoɗa, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Tsanyawa da Kunchi, ya san babu sauran daji a wannan yanki. Gona ta haɗe da gona, in ka fito daga wannan unguwa kana hango rufin kwanon ta gaba. Kusan duk gidan da ke da awaki a turke, za ka tarar da kare kwance a inuwar darbejiya ko a ƙarƙashin rumbu. Tambayi na wane ne, a ce na gidan wane. Shiga gidan ka tambayi wa ke ba shi abinci, nan za a fara kallon-kallo. Maigida ya ce na yara ne, yara su ce ai shi yake nemo abinsa. Haka ne kuwa: ƙanzo in an kankare tukunya, ƙashi ranar kasuwa, saura kuma a juji da bayan gari. Da dare, lokacin da muke cewa yana gadi, sau da yawa yana can wata unguwa cikin ayarin 'yan'uwansa, musamman in wata karya ta shiga lokacin barbara, ana ta cizon juna har asuba. Da safe ya dawo da kunne a yage, ya kwanta inda yara ke wasa, ba wanda zai damu ya san da wa ya gwabza.

Ajiye kare ba laifi ba ne a wurina. Addini ya yi rangwame ga karen gona da na kiwo da na farauta, kuma wanda aka taɓa kwance wa tumaki tsakar dare ya san amfanin haushi. Sakacin da ke biye da ajiyar shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, don na ga inda ya kai wani gida.

A wani ƙauye ne na ƙasar Dambatta, da kaka, ana tsakiyar roron wake. Gidan suna da wani jan kare mai tsananin haushi, baƙo ba ya kusantar zaure sai an yi masa rakiya. Kwatsam sai karen ya yi shiru. Ya daina cin abinci, ya shige ƙarƙashin rumbu ya ƙi fitowa, muƙamuƙinsa a sake, yawu na dalala, in ya yi yunƙurin haushi sai wata murya dusasshiya ta fito. Maigidan ya duba ya yanke hukunci: ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro. Ya kira ɗansa, yaro ɗan firamare, ya ce ya riƙe kan karen shi kuma zai zura kara ya zaƙulo. Karen ya kama yaron tsakanin babban yatsa da manuniya. Ba wani rauni ne na a zo a gani ba, shaidar haƙora biyu ce da ɗan jini.

Nan da nan samari suka fito da gora, suka farfasa wa karen kai, suka ja shi zuwa wani tsohon ramin ƙasa suka jefa. Kafin a ja shi sai da wata dattijuwa ta sa aka yanko gashin bayansa, aka ƙona, aka shafa tokar a ciwon. Washegari aka kai yaron kemis, aka yi masa allurar tetanus, aka haɗo shi da kafso. A ranar na iso gidan, na ji labari, na samu maigidan a zaure.

"Baba, a yi haƙuri a kai yaron nan babban asibiti yau, a fara masa allurar cizon kare."

"Haba Malam, ai karenmu ne, tun yana kwikwiyo yake gidan nan, ya san mu. Mahaukacin kare ai gudu yake yana bin mutane, wannan ko tashi ba ya iyawa. Kuma ai an yi allurar."

Ciwon ya warke cikin mako guda, maganar ta wuce. Sai bayan an gama shigar da amfanin gona rumbu, wajen wata biyu ke nan, yaron ya fara zazzaɓi, yana cewa wurin tabon na masa ƙaiƙayi da zogi. Daga nan ya kasa haɗiyar ruwa: yana jin ƙishi, ana miƙo moɗa sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya firgita, ko iskar mafici ta taɓa shi sai ya zabura. Aka ce iskoki ne. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Sa'ad da aka yarda aka kai shi Kano, likitoci ba su da abin yi sai sauƙaƙa masa raɗaɗi. Allah Ya ji ƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri.

Rai na Allah ne, ba mai musu. Amma tun daga ranar da karen ya kwanta har ranar da aka fita daga kemis, babu matakin da aka taka daidai, kuma duk abin da aka yi a gidan nan shi ake yi a ƙauyukanmu har gobe.

Ciwon haukan kare kama biyu gare shi. Akwai wanda kowa ya sani, kare ya bar gida yana gudu, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gitta. Akwai kuma na shiru, wanda ke shanye muƙamuƙi da ƙafafu, kare ya lafe a wuri mai duhu yana zubar da yawu kamar wani abu ya tsaya masa a wuya. Wannan na biyun shi ke yaudarar masu gida, don tausayi yake ba su, su kai hannu bakinsa. Abin lura shi ne canjin hali kawai. Mai faɗa ya zama salihi, mai wasa ya fara gurnani ga wanda ya saba da shi, murya ta canza, ya ƙi abinci. Kada kuma wani ya ce ai an ba shi ruwa ya sha, don haka lafiyarsa ƙalau. Tsoron ruwa a jikin mutum yake bayyana, kare mai ciwon na iya zura baki a kasko. Batun ya san ku kuwa, sabo turken wawa ne: da ƙwayar cutar ta isa ƙwaƙwalwarsa, bai san kowa ba.

Ƙwayar a yawu take. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya sannu a hankali tana hawa zuwa ƙwaƙwalwa, galibi wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Fata ta warke a waje, ita tana aikinta a ciki kamar gara a azara. Wannan jinkirin shi ne damar da Allah Ya ba mu, domin allura na iya tare ta a hanya. Tun 1885 Louis Pasteur ya gwada haka a Faransa kan wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, ya kuma rayu. Amma in alamu suka bayyana, zance ya ƙare, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

To, in kare ya ciji mutum, maganin farko yana cikin gidanka, kuma ba gashin kare ba ne. Sabulu ne da ruwa. A wanke wurin ana kwarara ruwa da buta, ana cuɗawa da kumfa, minti 15 cur, ba wankin shafa-mu-tafi ba. Kowane sabulu ya yi, har na wanki. In akwai aidin a zuba bayan an gama. Wannan wankin kaɗai na rage haɗari ƙwarai, amma shi ne abin da ba a yi, saboda ya yi arha da yawa a idonmu. Mun fi yarda da toka, da barkono, da kalanzir, da ruwan batir, da ɗaure ciwo da tsumma tamau. Duk waɗannan rufe ƙwayar suke yi a ciki, wasu ma ƙona naman suke. Ko yaƙushi ne, ko kare ya lashi wani ƙurji da ke jikin yaro, a wanke.

Sai batun da ya fi ci mini rai, wato allurar kemis. Jama'a, allurar tetanus daban, allurar cizon kare daban. Ta farkon tana kare mutum daga ciwon sanƙarewar jiki da ƙazantar rauni ke kawowa, tana da amfaninta, amma ko kusa ba ta taɓa ƙwayar haukan kare. Ta biyun ba sau ɗaya ake yin ta ba: akwai ta ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sannan abin da likita ya tsara bayan nan, kuma dole a cika. A firji ake ajiye ta, don haka shagon da ke kwana uku babu wuta ba wurin nemanta ba ne. In raunin mai zurfi ne, ko a fuska, ko a wuya, ko a yatsu, akwai wani ruwan allura na daban da ake yi a kewayen ciwon kansa. Mai kemis ɗin da ya san haka ya karɓi kuɗi ya sallami uba da "an yi allura", ya ji tsoron Allah. Wanda bai sani ba kuma, me ya kai shi soka wa 'ya'yan mutane allura? A nufi babban asibitin Dambatta ko na Bichi a ranar, a faɗa da baki cewa cizon kare ne. In babu allurar a can, a wuce Kano, ga Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano. Akwai tsada, ban ɓoye ba. Amma na ga mutumin da ya ce ba shi da kuɗin allura ya sayar da rago don maganin iskoki. Wanda ya yi jinkirin mako ɗaya ko biyu ma kada ya ce ya makara, muddin alamu ba su fito ba a je.

Gaggawar kashe karen ita ma ɓarna ce. In ana iya kulle shi ba tare da ya sake cizon wani ba, a rufe shi a ɗaki ko a ɗaure shi nesa da yara, ana tura masa abinci daga nesa, a sa masa ido kwana 10. Karen da ke yaɗa ciwon ba ya wuce wannan wa'adi bai kwanta ko ya mutu ba. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura, farawa ake yi, in karen ya fito lafiya likita ne zai ce a tsaya. In kuwa ya zama dole a kashe shi, a bar kan, don a ƙwaƙwalwa ake gwaji, kuma malamin dabbobi ya san yadda ake aika shi Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Kada a taɓa gawar da hannu tsirara, a binne ta da zurfi. Masu saurin miƙa karen da ya yi cizo ga fataken da ke kai karnuka kasuwar Dawaki ta ƙasar Kanke, don a rabu da ƙaya a samu na goro, su sani ciwon suka loda a mota. Akuya ko jaki ko saniyar da irin wannan kare ya ciza ita ma tana kamuwa, a kira malamin dabbobi kafin a kira mahauci.

Iyaye kuma, ga naku. Yaro ya zo ya ce kare ya yaƙushe shi, sai a fara da mari: wa ya aike ka? Gobe ba zai faɗa ba, zai ja hannun riga ya rufe. A bar dukan. A koya masa cewa ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. In ya ga kare ya sandare, ya kwantar da kunnuwa, ya ɗage leɓe yana gurnani, ya tsaya cak, kada ya ruga, gudu ke sa a bi shi. A hana su jan kwikwiyo da igiya a wuya suna zagaye gari, da jifan karen da bai tsokane su ba. Yaro gajere ne, cizonsa a fuska da wuya yake sauka, kusa da ƙwaƙwalwa.

Rigakafin karen kansa ya fi na mutum araha nesa ba kusa ba. Ana fara masa yana wata 3, a maimaita duk shekara. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, ciwon kan daina yawo. A inda unguwanni ke manne da juna irin namu, yi wa naka kai kaɗai bai wadatar ba, tunda kare guda na iya ratsa ƙauye uku kafin gari ya waye. Aikin mai unguwa da dagaci ne su ƙidaya gidajen da ke da karnuka, su haɗa da mafarauta masu garke guda, su nemi sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma ya sa rana. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita duniya ta ware don yaƙi da wannan ciwo, lokacin da ya fi dacewa ke nan a matsa wa hukuma lamba. In an yi allurar a karɓi takardar shaida mai kwanan wata, a adana ta tare da katin rigakafin yara, domin ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabci za a tambaye ka ita a asibiti.