Tsohuwar Mota: A Gano Ciwo Kafin A Sayi Magani

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Kano, Kaduna da Maraɗi sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a Kwatano ko Legas. Su ne muke kira tokumbo ko Beljiyam. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, mai tsohuwar Golf ko Corolla ko Peugeot 406 ya koma lallaɓa abin da ke hannunsa. Sai dai abin da ya fi cinye kuɗin mai mota shi ne gyaran lalube: a canza fulogi, ba ta daina ba, a canza nozul, a canza famfon mai, daga ƙarshe a ce sai an sauke inji.

Alhali mota tana nuna abin da ke damunta. Hayaƙin salansa mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi na nufin fetur ya rinjayi iska, kuma sau da yawa matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗaukewa bayan inji ya ɗumama yana nuna ruwa na shiga cikin inji. Idan ka murɗa makulli ka ji "ƙas-ƙas" kawai, duba kan batir tukuna, don tsatsa ko sakwarkwacewar waya kan hana tashi. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, sannan 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki. In bai kai haka ba a kunne, a binciki altaneta kafin a sayi sabon batir.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike ta karanto lambar matsala. P0300, alal misali, na nufin inji yana tsallake wuta. Lambar tana nuna inda za a duba ne, sai bakanike ya bi sawu ya tabbatar. Kuɗin wannan bincike bai kai na kaya ɗaya da aka saya bisa kuskure ba.

Babban abin da ke kashe tsohon inji a ƙasarmu shi ne zafi. Da zarar allurar zafi ta fara hawa, wasu kanikawa sai su cire tamostat su jona fanka kai tsaye. Wannan rufe ciwo ne. Aikin tamostat shi ne riƙe inji a zafin da ya dace, kusan digiri 90. In aka cire shi, inji kan daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ainihin matsalar kuma tana nan: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko wani tiyo na yoyo. Ruwan rijiya da ake ɗurawa shi ke tara tsatsa da gishiri a ciki, don haka a yi amfani da ruwan lagireto na ainihi. Idan allura ta kai ja, ka faka ka kashe mota nan take, kada kuma ka buɗe murfi da zafi. Tafiyar 'yan mintuna a haka tana iya ƙona gasket ta lanƙwasa kan inji.

Wajen sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka tafi da tsohon a hannu don a gwada. Ƙofa, fitila ko altaneta na Beljiyam ba laifi. Amma birki, bel ɗin taimin, taya da baƙin mai, a sayi sabo mai kyau, domin araha ba ta ado.

Mai mota, kafin ka zaro kuɗi ka tambayi bakanike: "Oga, me ka gani, kuma ta yaya ka tabbatar?" Ka riƙa yin juye a kan lokaci, kana duba ruwa da baƙin mai kowace safiya. Kanikawa kuma su ji tsoron Allah, su faɗi gaskiya idan ba su gano ba.