An sa sababbin ringi, amma inji bai daina shan mai ba

'Yan'uwanmu da yawa na zango fitoci ne a Suame Magazine da ke Kumasi, wasu kuma direbobin tasi da tirotiro, don haka mun saba jin wannan kuka: an buɗe inji, an kashe kuɗi, hayaƙi na nan. Sau da yawa matsalar tana jikin ƙarfen ne, ba a cikin mai ba.

Ƙarfen da hannu ke ji sumul, in aka duba shi da madubin ƙara girma, tudu da kwari ne. Man da ke raba kiranshaf da metal kuwa siriri ne ƙwarai, 'yan maikiron kaɗan, alhali kaurin gashin kai ya kai maikiron 70. Injiniyoyi na lissafin cewa sai kaurin man ya ninka kaushin fuskokin biyu kamar sau uku kafin su rabu sarai. In bai kai ba, tudun wannan na gugar tudun wancan, zafi ya tashi, metal ya cinye. Shi ya sa bayan an wasa kiranshaf dole a goge shi ya yi sheƙi.

Bangon silinda ba haka yake ba, kuma nan ake yawan kuskure. Shi ana so ya kasance da ƙananan zane masu giciye juna, wajen digiri 45, waɗanda dutsen honin ke bari. Cikin waɗannan zanen mai ke maƙalewa yana shafar ringi. Bangon da ya tsufa ya koma kamar madubi ba ya riƙe mai, sabon ringi kuma ba ya zama a kansa. In kaushin ya yi yawa, ringin ne ke cinyewa da wuri.

Saboda haka muna ba mai mota shawara ya tambayi masta ko an yi honin, kuma da me aka wanke bulok ɗin. Fetur ba ya fitar da garin dutsen. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ake sawa, har farin ƙyalle ya fito tas. Bayan an haɗa, kada a cika wa motar kaya ko a bar ta tana sulo na awoyi, a kuma juye man farko da wuri tare da filta.